Taken Tsoho a Wayar Kowa

Ni ɗan acaɓa ne, kuma duk tasharmu ta Tudun Wada an san ba ni da tsoro, don ni da bakina nake sanar da su kowace safiya. Na sha ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, fasinja yana salati a bayana har yana jiƙa min riga, ni kuwa ina fito abina. Amma wata shekara, lokacin da rake ya cika kasuwa, tsoro ya shige ni ya yi zaune kamar na haɗiyi ɗanyen rogo. Abin haushin ma, waƙa ce ta jawo. Waƙar rawa, irin wadda yara suke karya kafaɗa da ita a bakin famfo.

Ina da wani aboki a Kwanar Dangora, muna ce masa Injiniya, ko da yake in tocilarsa ta lalace sai ya kai wa mai gyara. Yana da situdiyo. Kada ka ji suna ka ɗauka wani abu ne. Shago ne da aka manna wa kwalayen ƙwai a bango, da kwamfuta ɗaya mai tari, da sifiku biyu da suka fi shi ƙiba. Nan samarin Kiru da Bebeji suke zuwa yin gambarar zamani, kowa ya juya hula baya yana zagin maƙiyan da ba shi da su. In na sauke fasinja a Kwanar nakan leƙa in sha iskar fankarsa, in biya shi da surutu.

Wata rana ya ce, "Mutumina, zauna in wayar maka da kai."

"Kaina a waye yake, wanka ne dai ban yi ba."

Ya kunna min wata tsohuwar waƙar baƙaƙen Amurka. Mace ce take rerawa a hankali, ana bushe-bushe a bayanta, faifan yana ƙara-ƙara kamar ana suyar ƙosai a nesa. Ya ce wannan ta iyayensu ce, sol suke ce mata, da ita aka yi zancen uwayensu. Sai ya kunna wata sabuwa, ganga kamar ana rushe gini, wani ƙato yana zuba magana kamar an biyo shi da sanda.

"Ka ji ta?"

"Wa?"

"Matar ɗazu mana, kurma."

Na kasa kunne. Wallahi tana ciki. Ɗan guntun muryarta ne, bai fi numfashi ɗaya ba, yana zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa.

"Haka suke yi," in ji Injiniya. "Yaro zai shiga ɗakin babansa ya kwaso faifan garmaho, ya yi ta saurare har ya samu wuri ɗaya mai daɗi, kamar tsoka a cikin miya. Ya tsakuro shi, ya sa na'ura ta yi ta maimaita shi, ya ɗora ganga a kai. Duk manyan waƙoƙin nan da kake ji, in ka tona, kakar wani ce a ƙasa take kuka."

"Wato dai satar nama a tukunyar uwa."

"Gado ake cewa, jahili. To mu ba mu da tsofaffi ne?"

Ya janyo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, cike da kaset. Na wani mai shagon kaset ne a Bebeji da ya rasu, 'ya'yansa suna shirin hura wuta da su, Injiniya ya roƙa suka ba shi. Yawancinsu ko rubutu babu a jiki. Irin waɗanda mutum yakan ɗauki rediyonsa ya je filin wasa ya danna ya naɗa ne, har da kukan jaki da muryar mai fura.

Ba a daɗe ba waƙar ta fito. Wani ɗan Kiru mai baƙin gilashi ne ya hau kan kiɗan. Shi dai ban san me yake cewa ba, kuma na tabbata shi ma bai sani ba. Ƙasan kiɗan ne abin ji. Wani tsohon kalangu ne yake hawa, yake hawa, kamar mai taka tsani, sai wata murya a shaƙe ta ce, "Taso, taso, mai hana ƙarfe cin abinci!" Sai kalangun ya koma farko ya sake hawa. Tsigar jikinka sai ta tashi ba ka san dalili ba. Kafin ka ce kwabo ta bi wayoyi. Mai shayin Bebeji yana sa ta, masu wankin babur a Kiru suna sa ta, a Doguwa na ji ta a wayar wani Bafulatani yana kora shanu. Ni ma na sa ta ta zama ƙarar kiran wayata, don ina alfahari abokina ne ya haɗa.

A gidan kakannina nake zaune. Kakana, Tsoho nake ce masa, shi kuma ɓarawo yake ce min, wai tun ranar sunana na ƙwace masa mata, wato Iya, kakata. Tun da na buɗe ido a mai rake na san shi. Yana da wurinsa a bakin kasuwa ƙarƙashin wata darbejiya, da wuƙarsa da yake wasawa kowace safiya har sai ta aske gashin hannu. In yana fere rake sai ka ce riga yake cire masa. Mutum ne mai shiru, ɗan sahun farko, carbi a aljihu. Na dai san an ce da can ɗan tauri ne, cikin masu shan maganin ƙarfe, waɗanda in an kaɗa musu take sukan tsuma su yi ta gurza wuƙa a jiki ba ta ci. Amma a gidanmu ba a zancen, kamar yadda ba a zancen tsohuwar rijiyar da aka cike.

Wata la'asar ina tsakar gida ina wanke ƙafa, Iya tana tankaɗe, Tsoho bai dawo daga kasuwa ba, sai aka kira ni. Kalangun nan ya fara hawa daga aljihuna. Rariya ta suɓuce daga hannun Iya, gari ya watse.

"Kashe! Kashe abin nan, don ubanka!"

"Uban nawa dai ɗanki ne. Amaryata, ko rawar za ki taka min?"

Ba ta yi dariya ba. Ƙofar zaure take kallo. Na kashe wayar. Ta jawo ni ɗakinta ta saki labule.

"Ina ka samo taken kakanka?"

Na ce wane take, waƙar yara ce. Ta ce ita da aka kaɗa wannan kiɗan ranar da aka kai ta gidan nan, ni zan gaya mata? Kowane ɗan tauri da takensa, wannan na Tsoho ne shi kaɗai. Makaɗin abokinsa ne tun suna yara, shi ya ƙaga masa shi, kuma ba ya kaɗa wa kowa.

"To ai abin alfahari ne, Iya. Mijinki ya shiga waya."

"Rufe min baki ka ji. Kakanka ya tuba tun babanka yana saurayi. Ya je wajen malam, ya kwance guru da kambu ya binne, ya karya maganin da kansa. Tun daga nan ko aska ta kuskure shi sai ya yi jini, jinin ma mai wuyar tsayawa. Amma ka san me? Maganin ne ya fita, tsumar ba ta fita ba."

Ta ce bayan tubar da wasu shekaru an yi wani biki a ƙauye, makaɗin ya hango abokinsa a taro, daɗi ya ɗebe shi ya saki taken. Kafin ƙarti su danne Tsoho ya riga ya ja wuƙa a cikinsa. A kan amalanke aka fito da shi.

"Ba ka taɓa ganin tabon ba?"

Na taɓa gani. Dogo ne, daga haƙarƙari zuwa cibiya. Ya ce min aiki aka yi masa a asibiti, ni kuma na ce likitan da lauje ya yi aikin.

"Makaɗin ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba, kuma bai ƙara ba har ya koma ga Allah. Ranar da ya rasu na yi kuka, amma Allah ya yafe min, na yi barci mai daɗi. Na ce taken ya bi shi kabari." Ta nuna aljihuna. "Ga shi kai ka shigo min da shi har tsakar gida."

Na ce to a gaya wa Tsoho mana ya kiyaye. Ta riƙe min hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"In ka gaya masa, da ƙafarsa zai je nema. Muryar abokinsa ce fa. Kuma kada ka gaya wa kowa."

Wannan ta biyun ba sai ta faɗa min ba. Na san mutanenmu, don ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Ka ce wa samarin tasha akwai waƙar da in tsoho ya ji zai yanka cikinsa, wallahi kafin azahar an ɗauko sifika an kafa masa a kai, kowa ya ɗaga waya yana jira.

Washegari da sassafe na buga babur sai Kwanar Dangora. Shi Injiniya dole na gaya masa. Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye ta.

"Janye ta," na ce.

"In janye ta daga ina? Ka taɓa ganin an zuba gishiri a miya an dawo an tsince shi? Tana wayar kowa, mutumina. Ko ni na mutu yau, waƙar nan sai ta je ta'aziyyata."

Daga nan na zama mai gadin kunnen Tsoho. Na ce masa ya tsufa ya zauna a gida, ya ce in na gaji da ganinsa in sakar masa matarsa ya tafi da ita. Na sace wuƙar na musanya masa da wata dakusasshiya, ya dube ta sau ɗaya ya ce ɓarawo ya fara satar ƙarfe, ya zauna ya wasa ta har ta fi ta farko. Mai cajin waya da ke kusa da darbejiyarsa na je na ce masa malamai sun ce waƙar nan akwai aljanu a ciki. Na yi zaton zai goge ta. Kafin mako ya zagayo labarin aljanun ya kai Doguwa, waɗanda ba su da ita ma suka zo a tura musu. Bakina ne ya ƙara mata kasuwa.

Aiki ya gagare ni. In fasinja ya ce Bebeji sai in ce taya ba iska, don kada in yi nisa. Ina ta zagaye kasuwa kamar shaho ya ga kaza da 'ya'ya. Ko'ina na ji kalangu sai in taka burki in waiga. Wata rana na kusa shiga ƙarƙashin tirela saboda wayar fasinjana ta yi ƙara a daidai lokacin da muke wuce Tsoho, ashe ma wa'azi ne. Na rame har Iya ta fara ƙara min man shanu a tuwo. Abin da ya taimake mu, kunnen Tsoho ya ɗan yi nauyi, ƙarar waya ba ta isa gare shi sai an matso. Kullum da yamma in na hango shi ya shigo da ragowar rakensa a kafaɗa, sai mu haɗa ido da Iya, kowa ya sauke numfashi.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, rana ta take. Na sauke wata mata da buhun barkono a tsallaken titi, sai na ji kalangun nan. Ba daga waya ba. Wani mai tallan memorin waya mai waƙoƙi ne ya ɗora ƙatuwar sifika da batir a baro yana turawa cikin kasuwa, ƙarar har tana girgiza kwanukan masu awo. Kuma hanyar darbejiya ya nufa.

Na yar da babur a kwance, ko makulli ban cire ba. Na tsallake titi ban duba ba, na ture wani mai kaji, na taka tumatirin wata baiwar Allah da har yau in ta gan ni sai ta yi min Allah ya isa. Ina ihu a kashe, a kashe, amma ko ni ban ji muryata ba.

Da na iso Tsoho ya riga ya miƙe.

Ban taɓa ganin mutumin nan ba. Tsohon da nake ɗagawa daga tabarma yana cewa wayyo bayana, shi ne tsaye ƙyam kamar an kafa turke. Hularsa tana ƙasa. Idanunsa sun juye sun yi ja, ba ya ganin kowa. Tun daga kafaɗa har gwiwa jikinsa kaɗawa yake kamar ganyen rake a iska. Da hannun hagu ya tattare rigarsa ya ɗaga har ƙirji, tabon nan a fili, fatar cikin ta yi yaushi kamar tsohuwar jaka. Wuƙar tana hannun dama. Ɓawon raken da yake ferewa yana manne a bakinta.

Mutane suka yi da'ira. Mai baro ya ga taro, ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe, ya ƙara murya. Samari suka ɗaga wayoyi suna shewa, "Sai Baba! Baba ya tuna da!"

Na yunƙura zan faɗa masa, sai wani ya damƙe ni ta baya. Wani tsohon mahauci ne, sa'an Tsoho, hannunsa duk maiƙo.

"Kada ka taɓa shi, yaro. Ka taɓa shi yanzu, ku biyu za a ɗauka."

"Baba, zai yanka kansa! Ba shi da magani!"

"Na sani, ina wurin aka yi ta farko. Tsaya. Jira yake."

"Jiran me?"

"A sauke masa. Take hawa ne da sauka. Makaɗi zai hau da shi har ƙololuwa, sannan ya juya kiɗan ya sauke, a kan saukar ake jan wuƙa. Ba ya ja sai an sauke."

Kalangun ya hau, ya hau. Hannun Tsoho ya bi shi sama, wuƙar tana walƙiya. Muryar nan ta ce, "Taso, taso, mai hana ƙarfe cin abinci!" Tsoho ya ja numfashi, ya kafa bakin wuƙar a kan tabon. Na rufe ido.

Sai kalangun ya koma farko.

Na buɗe ido. Tsoho ya yi wani gurnani kamar an ƙwace wa sa ruwa a baki. Hannun ya sauko. Kiɗan ya sake hawa, hannun ya sake binsa. Muryar ta sake kira, wuƙar ta sake zama a kan fata har wurin ya lotsa. Kiɗan ya sake komawa farko.

Mahaucin ya matse min kafaɗa. "Kai, wane irin makaɗi ne wannan? Ya ƙi saukewa."

"Na'ura ce, Baba. Guntu aka tsakuro, shi take ta maimaitawa."

"To a ƙarshe fa? Suna saukewa a ƙarshe?"

Waƙar da na ji sau ba adadi, wadda nake kwana da ita nake tashi da ita, wallahi a wannan lokacin na kasa tuna yadda take ƙarewa. Wa yake sauraren ƙarshen waƙar rawa? Na san halin Injiniya da son burgewa, zai iya ajiye saukar a can ƙarshe don ta zama abin mamaki. Na so in ruga in fizge wayar batirin, mahaucin ya ce in aka yanke kiɗa kwatsam mai tsuma yana sama, ba wanda ya san abin da hannunsa zai yi. Haka na tsaya. Duk hawa ɗaya sai na mutu, duk komawa sai na farfaɗo. Gumi yana zuba daga haɓar Tsoho, gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa, amma hannun bai gaji ba. Wani siririn jini ya fara bin tabon, don ko ba a ja ba, wuƙar Tsoho ba a ɗora ta a kan fata a ɗauke ta haka nan. Masu shewa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta fara salati.

Sai a cikin waƙar ɗan Kirun nan ya fara gaishe da abokansa na unguwa, yana kiran su ɗaya-ɗaya. Ban taɓa son jin sunayen 'yan iska irin na ranar ba. Ƙarar kalangun ta yi ta raguwa, yana hawansa yana komawa farko, har ya ɓace. Ba a sauke ba.

Mahaucin ya daka wa mai baro tsawar da ta sa ya kashe sifikar da hannu biyu. Tsoho ya tsaya da wuƙa a sama yana jira. Ya jira. Sannan ya sulale a kan tarin rakensa. Mahaucin ya taka wuƙar da ƙafa, ni kuma na rungume shi, ba nauyi kamar buhun ƙaiƙayi.

A gida Iya ta wanke yankan, ɗan ƙarami ne, ta ɗaure. Ta kwashe duk wuƙaƙen gidan har da ta yankan kuɓewa ta kai maƙwabta. Na zaci in ya farfaɗo kunya za ta kama shi. Ina! Da ya buɗe ido abin da ya fara cewa shi ne, "Wane ɗan banza ne ya gutsure min take?"

Kwana da kwanaki bai ci abincin kirki ba. Ya ce abin yana nan a ƙirjinsa kamar atishawar da ta maƙale. Yana zaune sai ka ga yatsunsa suna kaɗa hawan a gwiwa, su tsaya, su sake. A waje kuma hoton bidiyonsa ya bi wayoyi. Abin da nake gudu ya faru, kowa ya sani. Injiniya ya kira ni ya ce samari sun dame shi, wai ya fito da ragowar kaset ɗin a yi sabuwar waƙa da saukar a ciki, har wani ya yi yunƙurin ɗauke buhun.

Na gaya wa Iya a ɓoye, ashe kunnen Tsoho yana nauyi ne kawai in an ce ya ba da aron wani abu. Ya ɗaga labule ya ce, "Ɓarawo, tayar da babur. Kai ni wurin yaron."

Iya ta tsaya a ƙofa. Ya ce, "Matsa, 'yar mutane. Ko in ji shi a ɗaki a gaban jikana, ko in ji shi a kasuwa a gaban 'yan kallo. Zaɓi ɗaya." Ta matsa. Ya biya ta wurin mahauci ya karɓi wuƙarsa, ya ce ba ya tafiya ba ita. Tun daga Tudun Wada har Kwanar Dangora ina jin kubenta yana taɓa min baya. Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, har masu keke suna wuce mu suna yi min sannu.

A ƙofar situdiyo ya tsaya, ya ciro wuƙar da kubenta ya miƙo min.

"Riƙe. Ko na roƙe ka da Allah kada ka ba ni."

Na cusa ta a wando ta baya na jingina da bango. Injiniya ya durƙusa har ƙasa. "Baba, wallahi ban sani ba. Daɗinsa kawai na ji."

"Ai da daɗi. Kai ne mai gutsure wa mutane take? In za ka ɗauki abin tsofaffi, ka riƙa tambaya na wane ne. Sa min."

Muka kwashe almakashi da sukundireba da duk wani abu mai baki muka fitar, muka rufe ƙofa. Injiniya ya sa kaset ɗin a tsohon rediyo, ya danna maɓalli. Aka ji hayaniyar fili, wani yana tallan goro, sai kalangu. Wannan karon ba ganga a kai, ba ɗan Kiru. Makaɗin ne kawai da mutanen da yawancinsu sun mutu.

Tsoho ya miƙe. Jikin ya ɗauka. Ya tattare riga. Kalangun ya hau, muryar ta kira shi, sai kiɗan ya juya ya gangaro da wani irin gudu kamar an ɓalle dam. Tsoho ya yi ƙara, ya kafa gefen tafin hannunsa a ciki ya ja, ya sake ja, ya sake ja, da ƙarfin da ya sa ɗaurin Iya ya tsinke, fatar ta yi ja ta tashi. Yana ja yana juyowa yana lalube, idonsa a kaina. Ya miƙo hannu. Na manne da bango har ina jin kwalayen ƙwai suna fashewa a bayana, ina cewa, "Tsoho, ni ne, ɓarawo ne, ni ne." Ban san sau nawa na faɗa ba.

Kaset ɗin ya kai inda mai rediyon ya kashe abinsa. Ɗakin ya yi tsit. Tsoho ya zauna a ƙasa yana haki. Ya daɗe yana kallon cikinsa, inda hannu ya bi ya bar layi-layi. Ya yi istigfari a hankali. Sannan ya ce a ba shi ruwa.

Ya sa Injiniya ya goge duk abin da ya kwafa daga kaset ɗin a kwamfuta, yana tsaye a kansa ko da yake bai san me ake dannawa ba. Kaset ɗin kuwa ya sa a aljihun carbi. Na ce a ƙona shi mana. Ya ce, "Muryarsa ke nan da ta rage. Kai in na mutu ƙona ni za ka yi?"

Da muka iso ƙofar gida na ciro wuƙar na miƙa masa. Ya dube ta, ya dubi hannunsa.

"Waƙar yaran nan tana nan a gari ko?"

"Tana nan, Tsoho. Ba mai iya kwashe ta."

"Kuma wani zai iya koyon saukar ya ƙara."

Na sake miƙa masa wuƙar. Ya wuce ni ya shiga zaure, ya bar ni da ita a hannu.

Tun daga ranar bai ƙara riƙe wuƙa ba, ko ta yanka albasa. Wurinsa na darbejiya yana nan. Ranar kasuwa nakan jingine babur in zauna in fere, shi yana gefe yana miƙa wa masu saye yana zagina, wai ina fere rake kamar mai sassaƙa turmi, rabin raken yana tafiya da ɓawo. Waƙar ta tsufa yanzu, yara sun koma wasu. Amma wani lokaci sai wani ya wuce da ita a waya. Sai in ga kafaɗar Tsoho ta motsa, carbin ya tsaya a hannunsa. Ni kuma sai in daina fira, in mayar da wuƙar bayana in zauna a kanta, har sai mai wayar ya yi nisa.